Bakin Kowa Da Tarihinsa: Yadda Turanci Ya Rarrabu Gari-Gari

 

Duk ma'abocin gidan kallon ƙwallo ya san abin da kan faru bayan alƙalin wasa ya hura tashi. Ɗan jarida ya miƙa wa ɗan wasa makirfo, ɗan wasa ya buɗe baki, sai ka ga mai digiri a Turanci yana zare ido, yana tambayar na kusa da shi, "Wai me ya ce?" Jamie Carragher da Steven Gerrard 'yan Liverpool ne. Alan Shearer ɗan Newcastle ne, David Beckham a gabashin Landan ya tashi, Sir Alex Ferguson kuwa mutumin Glasgow ne a Sikotland. Dukkansu da Turanci suka buɗi ido, a cikin tsibiri guda, amma kowa da inda bakinsa ya nufa. Tsakanin Liverpool da Manchester bai wuce kilomita 50 da 'yan kai ba, duk da haka jimla ɗaya ta ishi Bature ya gane ɗan wane gari ne ke magana.

Akasarinmu mun tashi da tunanin cewa akwai Turanci na asali guda ɗaya, wanda ake ce wa na Sarauniya, sauran kuma duk gurɓacewa ce ta marasa ilimi. Tarihi bai goyi bayan wannan tunani ba. Kare-karen harshen sun girmi daidaitaccen lafazin da shekaru aru-aru, shi kansa daidaitaccen kuwa bakin wani yanki ne da mulki da dukiya da makaranta suka ɗaga sama.

Turanci baƙo ne a Ingila. Bayan Rumawa sun janye daga tsibirin Birtaniya wajen shekarar 410, sai wasu ƙabilu suka riƙa tsallako teku daga arewacin Jamus da Denmark ta yau, wato Angles da Saxons da Jutes. Wani malamin coci mai suna Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihi a 731, ya sa farkon zuwansu a wajen 449. Ba rana ɗaya suka zo ba, ba kuma da baki ɗaya ba. Jutes suka zauna Kent a kudu maso gabas. Saxons suka mamaye kudu da yamma, har yau sunayen Essex da Sussex na ɗauke da sunansu. Angles kuma suka bazu a tsakiya da arewa. Masu nazarin rubuce-rubucen wancan zamani sun rarrabe manyan kare-kare huɗu: na Northumbria, da na Mercia, da na Wessex, da na Kent. Ke nan babu wata rana da Turanci ya taɓa zama abu guda, balle a ce daga baya ya tarwatse. A rarrabe ya sauko daga kwale-kwale.

Ana nan sai ga 'yan Viking daga Denmark da Norway. A 793 suka afka wa gidan ibada na Lindisfarne, a 865 suka dawo da babbar runduna, shekara guda bayan nan birnin York ya faɗa hannunsu. Sai a 878 Sarki Alfred na Wessex ya ci su da yaƙi a Edington, aka yi sulhu, arewa da gabas suka zauna a ƙarƙashin dokokinsu. Maharan jiya suka koma manoma, aka yi auratayya, 'ya'ya suka tashi da harsuna biyu masu kama da juna a cikin gida ɗaya. Wanda ya buɗe taswirar Ingila a yau zai ga sawunsu ƙiri-ƙiri. Garuruwan da sunansu ya ƙare da "by", irin su Grimsby da Whitby da Derby, da masu ƙarewa da "thorpe", irin su Scunthorpe, kusan duk a wancan yanki suke. Mutumin karkarar Yorkshire har gobe "beck" yake kiran rafi. Abin mamaki ma, ƙananan kalmomin nan da ɗan aji ɗaya ke haddacewa, "they" da "them" da "their", na Viking ne. Daga arewa suka gangaro sannu a hankali, suka ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su gama cinye Landan.

A 1066 William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin na coci da malanta, Turanci ya koma na manoma da 'yan kasuwa har kusan shekara 300. Harshen da ba shi da fada ba shi da mai tsawata masa. Kowane yanki ya ci gaba da tafiyarsa, kowane marubuci yana rubuta kalma yadda ake faɗarta a garinsu. A wannan zamani ne aka fara jin ƙorafin da har yau bai mutu ba. A 1387 wani malami daga kudu maso yamma, John Trevisa, ya rubuta cewa maganar mutanen arewa, musamman na York, kaushi ne da ita da ƙara, har 'yan kudu da ƙyar suke fahimta. Shi kuwa Chaucer, babban mawaƙin Landan da ya rasu a 1400, da ya so bai wa masu karatu dariya a ɗaya daga cikin labaransa, sai ya sa wasu ɗalibai biyu suna magana da bakin arewa.

William Caxton, wanda ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, ya ba da wani labari a gabatarwar littafin da ya buga a 1490. Wasu fatake sun taso daga Landan a jirgin ruwa, iska ta tsaya, suka sauka a gaɓar Kent don neman abinci. Ɗaya daga cikinsu ya shiga wani gida ya ce a ba shi "egges", yana nufin ƙwai. Matar gida ta ce ita fa ba ta jin Faransanci. Gogan ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani abokin tafiya ya ce "eyren" sannan ta gane. Ta farkon kalmar arewa ce, gadon Viking, ta biyun kuwa ta kudu ce. Caxton ya rasa wadda zai buga. Daga baya ta arewa ta yi nasara, masu ɗab'i kuma suka daidaita rubutu bisa al'adar Landan. Amma inji rubutu kawai ya iya ɗaurewa. Baki ya ci gaba da harkarsa.

Me ke sa baki ya sauya? Babu yaron da ke kwaikwayon maganar iyayensa daidai wa daida. Kowane zamani yakan ɗan karkatar da wani wasali, ko ya haɗiye wani baƙi, ba tare da ya sani ba. Idan mutane na cuɗanya, sauyin ya game su. Idan kogi ko dutse ko fadama ta raba su, kowa ya karkata nasa wajen. A Ingilar da, yawancin mutane a kusa da inda aka haife su suke aure, a nan kuma ake binne su. Landan ce ke da fada da babbar kasuwa da babbar tashar jiragen ruwa, don haka duk sauyin da ta yi sai ya bi hanyoyin fatauci ya bazu, yana raguwa da nisa, har ya kai inda ƙarfinsa ya ƙare.

Babban sauyin shi ne wanda ya auku tsakanin wajen 1400 da 1700, lokacin da dogayen wasulan Turanci suka gusa ɗaya bayan ɗaya. Kalmar "time" da ake faɗa "tiim" ta koma "taim". Kalmar "house" da ake faɗa "huus" ta koma "haus". Shi ya sa rubutun Turanci ke wahalar da ɗalibi: an daidaita shi ne alhali furuci na tsakiyar ƙaura. To amma can arewa mai nisa wani ɓangare na wannan sauyi bai kai ba. A Sikotland har yanzu ana jin "huus", mutanen Newcastle kuma "tuun" suke ce wa garinsu maimakon "taun". A ƙarni na 17 kudu ta sake wani sauyin: wasalin da ke cikin "put" ya rabu biyu, "bus" ta zama "bas", "cup" ta zama "kap". Arewa ta ƙi bi. Mutumin Leeds ko Manchester "bus" yake cewa, yadda Bahaushe zai karanta ta da an rubuta masa. Bayan haka kudu ta ja wasalin "bath" da "grass" ya yi tsawo, arewa ta bar shi gajere. Waɗannan sauye-sauye biyu su ne suka ja layin da ya raba Ingila gida biyu, daga wajen mashigin ruwan Wash a gabas zuwa iyakar Wales a yamma.

A nan ya kamata masu raina bakin arewa su yi hattara, domin a duk waɗannan misalai ɗan Landan ne ya kauce wa hanyar kakanni. Bahaushe ba zai yi mamaki ba. Basakkwacen da ke cewa "zamna" da "sabro" shi ne ya riƙe tsohuwar siga, Bakano ne ya mayar da su "zauna" da "sauro", amma da aka zo daidaita Hausa sai aka ɗauki ta Kano.

Akwai harafi guda da ya cancanci a daɗe a kansa, wato "r" da ke zuwa bayan wasali, kamar a "car" da "farm" da "doctor". A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, kowa na furta ta. A 2004, da gidan wasan Globe na Landan ya gwada wasan Romeo da Juliet da lafazin wancan zamani, bisa jagorancin masanin harshe David Crystal, 'yan kallo sun ji abin da ya fi kama da bakin ƙauyukan yammacin Ingila da na Ailan fiye da na fadar Buckingham. A cikin ƙarni na 18 ne mutanen Landan suka yar da wannan "r", ɗabi'ar ta yi ta bazuwa. Inda ba ta kai ba, irin su Bristol da Devon da wani yanki na Lancashire da Sikotland da Ailan, har yau ana furta ta.

Wannan harafi ya zame wa masana agogo. Idan ana son sanin lokacin da Turanci ya bar gida zuwa wata ƙasa, sai a saurari "r". Turawan da suka kafa Jamestown a Amurka a 1607, da waɗanda suka sauka Plymouth a 1620, sun tafi da ita a bakinsu. A ƙarni na 18 dubban mutanen arewacin Ailan, jikokin 'yan Sikotland, suka bi baya suka nausa tsaunukan Appalachia, su ma da tasu "r" mai ƙarfi. Shi ya sa yawancin Amurkawa da 'yan Kanada ke furta ta. Galibi biranen gaɓar teku ne, irin su Boston da New York da Charleston, waɗanda attajiransu ba su daina hulɗa da Landan ba, suka kwaikwayi sabon yayi suka yar da ita. Ostareliya kuwa sai a 1788 jiragen farko na fursunoni suka isa Sydney, da yawansu daga Landan da kewaye, lokacin "r" ta riga ta faɗi. Haka Afirka ta Kudu, inda Turawan Ingila suka sauka a 1820, haka New Zealand bayan 1840. Sai dai a can ƙarshen kudancin New Zealand, inda 'yan Sikotland suka yi kaka-gida tun daga 1848, har yanzu ana jin ɓurɓushinta.

Mu ma agogon nan ya buga a ƙofarmu. Hausa ba ta ƙin "r" a ƙarshen gaɓa, ga ta nan a "sarki" da "ƙarfe". Amma dubi kalmomin da muka ara: mota, kati, kafinta, tela, fasinja, gwamna. A rubutun Turanci duk akwai "r" a cikinsu, kunnen kakanninmu ne bai ji ta ba, domin waɗanda suka kawo mana kalmomin ba sa furta ta. Ita ma "bas" da muke shiga, da bakin kudancin Ingila ta iso.

Wani ɗalibin jami'a a New York, William Labov, ya yi wata dabara a 1962 wadda har yau ake koyarwa. Ya zaɓi manyan kantuna uku: Saks na masu hannu da shuni, Macy's na matsakaita, da S. Klein na masu neman araha. Sai ya shiga kamar mai sayayya, ya tambayi ma'aikaci inda ake sayar da wani kaya da ya riga ya san a hawa na huɗu yake. Amsar dole ta zama "fourth floor", kalmomi biyu, kowace da "r". Sai ya yi kamar bai ji ba, ma'aikacin ya maimaita a tsanake. Ya koma gefe ya rubuta abin da ya ji. Mutum 264 ya yi wa haka, babu wanda ya san ana nazarinsa. A Saks fiye da kashi 60 cikin 100 sun furta "r" ko da sau ɗaya ne, a Macy's kusan rabi, a Klein wajen kashi 20. Ma'aikatan Macy's su ne suka fi ƙara ta idan an sa su maimaita, alamar sun san wadda ake ganin girmanta. Ga abin lura: a New York ta wancan lokaci furta "r" alamar wayewa ce, a Landan kuwa alamar ƙauyanci. Sauti ɗaya, hukunci biyu. Ashe darajar lafazi daga aljihun mai shi take fitowa.

Mu koma Ingila. Bakin manyan biranen masana'antu ba tsoho ba ne sosai, cunkoson ƙarni na 19 ne ya haife shi. Liverpool ce misali mafi fitowa fili. A wancan lokaci tana cikin lardin Lancashire, kuma masana da yawa na ganin da can maganarta ba ta bambanta sosai da ta maƙwabta ba. Sai yunwa ta afka wa Ailan daga 1845, bayan cuta ta lalata dankalin da talakawa ke rayuwa a kansa. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa tashar Liverpool. A ƙidayar 1851, fiye da mutum ɗaya cikin biyar na mazauna birnin haifaffen Ailan ne. Ga kuma 'yan Wales da matuƙan jiragen ruwa daga ko'ina. 'Ya'yan waɗannan mutane da suka yi wasa a lungu ɗaya su ne suka ƙera bakin da ake kira Scouse, mai hawa da sauka, wanda ke mayar da "k" ta ƙarshen kalma ta yi kama da harafin "kha" na Larabci.

Cewa yara ne maƙeran ba hasashe ba ne, an gani da ido. A 1967 gwamnatin Birtaniya ta yanke shawarar gina sabon gari, Milton Keynes, mutane suka taru daga sassa daban-daban. A farkon shekarun 1990 Paul Kerswill da Ann Williams suka ɗauki muryar yara 48 na garin, 'yan shekara huɗu da takwas da sha biyu. Ƙananan sun fi ɗauke da bakin iyayensu. 'Yan sha biyun kuwa da junansu suka yi kama.

To ina Turancin Sarauniya ya fito? Ya zo a makare. An ruwaito cewa Sir Walter Raleigh, babban bafaden Sarauniya Elizabeth ta farko, da bakin Devon ya yi magana har ya mutu, kuma hakan bai hana shi shiga fada ba. Sai a ƙarni na 18, da sababbin masu kuɗi suka fara neman a ɗauke su manya, sana'ar gyaran baki ta samu kasuwa. Thomas Sheridan ya yi ta yawo yana laccar iya furuci, John Walker ya fitar da ƙamus na lafazi a 1791. A ƙarni na 19 jirgin ƙasa ya sauƙaƙa tafiya, attajirai daga kowane lardi suka riƙa tura 'ya'yansu makarantun kwana masu tsada irin su Eton da Harrow da Winchester. Yaro ya shiga da bakin garinsu, tsokanar 'yan'uwa ta goge masa shi, ya fito da lafazin da aka gina a kan na manyan Landan. Da wannan baki suka shiga Oxford da Cambridge, da shi suka zama hafsoshi da limaman coci da jami'an mulkin mallaka. Daniel Jones, da ya rubuta ƙamus ɗinsa na furuci a 1917, bai ɓoye ba, lafazin makarantun kwana ya kira shi. Daga baya aka tsaya a kan sunan da ake taƙaitawa RP.

BBC ce ta shigar da shi kowane gida. An kafa ta a 1922, a 1926 kuma ta naɗa kwamitin da zai riƙa faɗa wa masu karanta labarai yadda za su furta kalmomi. Abin dariya, John Reith da ke shugabancin gidan ɗan Sikotland ne, George Bernard Shaw da ke cikin kwamitin ɗan Ailan ne, haka ma Sheridan na can baya. A 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya, aka sa Wilfred Pickles, ɗan Halifax a Yorkshire, ya karanta labaran ƙasa, da tunanin cewa Jamusawa za su sha wuyar kwaikwayon bakinsa. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta zuwa. Duk da wannan gata, a shekarun 1970 masanin harshe Peter Trudgill ya ƙiyasta cewa masu wannan lafazi ba su wuce kashi 3 cikin 100 na mutanen Birtaniya ba.

Sauran jama'a fa? Tsakanin 1950 da 1961 Harold Orton na Jami'ar Leeds ya tura ma'aikata wurare 313, yawancinsu ƙauyuka, suna zama da tsofaffi suna yi musu tambayoyi fiye da 1,300 kan noma da dabbobi da kayan gida, suna rubuta yadda kowace kalma ke fita. Ɗaya daga cikinsu, Stanley Ellis, ya samu kunnen da ya kai shi har ofishin 'yan sanda. A 1979 ana neman wani mai kisan mata a Yorkshire ruwa a jallo, sai ga kaset an aiko wa 'yan sanda, wani na cika baki cewa shi ne. Aka bai wa Ellis ya saurara. Ya tafi yankin Sunderland yana gwada muryar da ta mutanen unguwanni, ya dawo ya ce bakin unguwar Castletown ne. Shi da abokin aikinsa sun kuma gargaɗi 'yan sanda cewa mai yiwuwa kaset ɗin yaudara ce. Ba a saurare su ba. Aka duƙufa neman mai bakin Sunderland, alhali ainihin mai laifin, Peter Sutcliffe, direban babbar mota ne mai bakin Bradford, wanda aka sha yi wa tambayoyi ana sallama. Ya kashe ƙarin mata uku kafin a kama shi a Janairun 1981. Sai a 2005 gwajin ƙwayoyin halitta ya tona asirin mai kaset ɗin. Ɗan Sunderland ne, daga wata unguwa da ke kusa da wadda Ellis ya nuna.

An daɗe ana cewa rediyo da talabijin za su shafe waɗannan bambance-bambance. Tsohon bakin ƙauye da Orton ya tarar ya ja baya ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma na birane na nan da ƙarfinsa, sababbi kuma na fitowa. A unguwannin Landan irin su Hackney, 'ya'yan mutanen Jamaika da Nijeriya da Ghana da Bangladesh da na Turawan unguwa sun haɗu sun fito da wani sabon baki, tsohon bakin waɗannan unguwanni da ake kira Cockney kuma ya bi masu shi ya koma Essex. Ita kanta Sarauniya Elizabeth ta biyu ba ta tsira ba. A shekarar 2000 Jonathan Harrington da abokan aikinsa suka auna jawabanta na Kirsimeti na shekarun 1950 da na 1980, suka tarar wasulanta sun gusa zuwa na talakawanta.

Tamu ƙasar ma ta shiga wannan tarihi, kuma dokokin ba su canza ba: wa ya koyar, yaushe, kuma wane harshe ɗalibi ya zo da shi daga gida. A kudu 'yan mishan ne suka fara, tun daga tsakiyar ƙarni na 19. 'Yan Sikotland sun sauka Kalaba a 1846, limaman Katolika 'yan Ailan sun yi aiki mai yawa a ƙasar Ibo, sannan ba a jima ba 'yan ƙasa suka karɓi alli suna koyar da 'yan'uwansu. A arewa boko ya zo a makare, ɗalibai kaɗan ne, kuma a Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 Turawan Ingila ne da kansu ke aji, suna matsa wa furuci. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Harshen uwa kuma ya sa nasa hannu. Bahaushe na da dogon wasali da gajere, don haka raba "ship" da "sheep" ba ya ba shi wuya. Amma "p" da "f" na rikita shi, yakan mayar da "th" ta zama "s" ko "z" inda ɗan kudu ke mayar da ita "t" ko "d", kuma ba ya son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa "screwdriver" ta zama sukurudireba. Farfesa Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a kan waɗannan bambance-bambance a Jami'ar Lancaster a 1982. A Janairun 2020 kuma babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, har da Kannywood.

Saboda haka ga kira ga malamanmu na Turanci. A gyara wa yaro abin da zai hana a fahimce shi, ya san bambancin "pan" da "fan", domin jarrabawa da neman aiki ba za su yi masa uzuri ba. Amma a daina sa 'yan aji su yi masa dariya, har ya kulle bakinsa ya daina magana, don kawai bai yi kama da kashi 3 cikin 100 na mutanen Birtaniya ba. Ɗalibanmu na sashen harsuna kuwa, Orton da ƙatuwar na'urar ɗaukar murya ya yi aikinsa, ku ga waya a aljihunku. Dattawan da suka yi makaranta a hannun Turawa suna ƙarewa, kuma irin Turancinsu da irin Hausarsu ba za a sake jin su ba. Ku je ku nemi izininsu ku ɗauki muryarsu tun suna raye.